Hancin Sanda Ya Koma Cikin Gida

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Funtua a shekarun baya, ko bai san Sanda ba, ya san hancinsa. Hancin ne ke fara shigowa layin 'yan wake, sai an ɗan jima mai shi ya biyo baya. Wannan ba sharrin maƙwabta ba ne. Allah ne ya yi mashi, kuma da ya tashi yi bai yi rowa ba. Mahaifiyarsa da kanta, Allah ya jiƙanta, takan ce ranar da aka haife shi a ƙauyensu can gefen Kafur, ungozoma leƙowa ta yi ta ce, "Barka, an samu hanci, yaron ma ga shi nan tafe."

Sana'arsa kuwa sansana ce. Ba shi da rumfa, ba shi da sito, bai taɓa mallakar buhu goma nasa na kansa ba. Jarinsa wani ƙarfe ne mai tsini da rami a ciki, wanda ake soka wa buhu a zaro 'yan ƙwayoyi. Sai ya soka, ya zuba a tafin hannu, ya lumshe ido, ya ja numfashi. Shi ke nan. Zai gaya maka masarar nan da sauran danshi aka ɗura ta, kafin ta kai Ikko ta yi fumfuna. Zai gaya maka dawar nan ta bara ce aka cakuɗa da ta bana. Amma inda aka fi nemansa shi ne wake. Masu ɓoye wake har ya yi tsada sukan yayyafa mashi fiya-fiya, maganin ƙwarin nan mai kisa, don kada ƙwari su huda shi. In lokacin sayarwa ya yi sai a shanya, a sake buhu, a fito da shi kamar mumini. Mutum ɗari za su wuce ba su ji komai ba. Sanda na sokawa sai ya kau da kai ya ce, "A mayar wa mai shi, ya dafa wa surukansa."

To, tunda da hancin ake ci, sai ya zama shi ne gwamnan gidan. Matarsa Tasalla ta yi shekara goma sha shida ba ta kunna turaren wuta ba. Ku ji fa, matar Bahaushe, shekara goma sha shida. Ba a soya attarugu sai ya fita. Ba a dakan daddawa sai ranar da ya tafi cin kasuwar wani gari. Mu maƙwabta ma ba mu tsira ba, in ka ƙona bola sai ga saƙo wai ana cutar da dukiyar al'umma. A masallaci, in wanda ke kusa da shi ya shafa turare, sai ya sake sahu. Kuma bai iya bakinsa ba. Kana zaune a bakin zaure cikin mutane zai gifta ya ce, "Malam Kabiru, yau ma kwaɗon rama? Allah ya kawo sauƙi." Alhali ka wanke hannu, ka wanke baki, har ka ɗora goro.

Wani lokaci Tasalla takan ce ta ji warin abu, ko ta ce garin tuwon nan ya fara canzawa. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Tasalla, hancin mace na miya ne. Bar wa masu abu abinsu."

Babbar mai hulɗa da shi ita ce Hajiya Kudirat, Bayarabiya haifaffiyar Funtua. Ubanta aikin jirgin ƙasa ya kawo shi, ita kuwa nan aka yanke mata cibi, Hausa a bakinta har da karin maganar da mu sai mun tambayi tsofaffi. Wake take lodi zuwa Badun. Shekara goma sha tara ba ta taɓa ɗora buhu a mota ba sai Sanda ya gyaɗa kai. Tana kuma da wata al'ada tata: duk kayan da ta saya, sai ta ɗebi tiya guda ta kai gida an dafa, ita da iyalinta sun ci, kafin mota ta tashi. Takan ce, "Abin da ba zan ci ba, ba zan aika wa 'ya'yan mutane ba."

Ana nan, kaka uku da suka wuce, daidai lokacin da sabon wake ke shigowa daga ƙauyukan Malumfashi motoci na bin layi, sai mura ta kama Sanda. Mura dai, irin wadda kowa ke yi ya fyace ya wuce. Amma shi a wurinsa gobara ce. Hanci ya toshe ƙam har kwana tara. Ya sha citta, ya tauna tafarnuwa, ya rufa da bargo a kan tukunyar ruwan zafi har ya kusa nuna. Shiru. Yana ji yana gani 'yan kasuwa suka fara kiran wasu dillalai, waɗanda a cewarsa ba su san bambancin wake da kashin awaki ba.

Rana ta tara ce Alhaji Awaisu ya kira shi falonsa. Alhaji Awaisu mai manyan sito-sito ne a bakin titi, irin masu saye da kaka su kulle sai damina ta yi tsakiya. Hancin Sanda ya sha mayar mashi da kaya, amma ran nan fuskarsa a sake. Ya ce, "Malam Sanda, ashe mura ke wahalar da kai ba ka faɗa ba? Kana ta fama da maganin talakawa. Zo ka ga na manya. Daga waje ake kawo shi."

Ya zazzago wani farin gari kaɗan a kan teburin gilashi, ya nuna mashi yadda ake shaƙa.

Mutumin da ke sake sahu saboda turare. Mutumin da ya hana matarsa attarugu. Da cewa aka yi maganin kowa da kowa ne, wallahi da bai kalle shi ba. Kalmar nan ta "manya" ita ta kayar da shi. Ya duƙa ya ja.

Nan take hanci ya buɗe kamar an ɓalle ƙofar sito. Kansa ya yi wasai, gajiya ta gudu, ya ji kasuwar Funtua duka ta yi mashi kaɗan. Ran nan ya duba mota goma sha ɗaya bai zauna ba, bai ci abinci ba, ya kuma yi wa kowa bayanin tarihin wake tun daga shuka, har da waɗanda ba su tambaya ba. Da ya koma gida ya ce, "Tasalla, ashe da can da rabin hanci nake aiki."

Wasu na cewa da gangan Alhaji Awaisu ya yi, don ya huta da hancin da ke hana shi ciniki. Wasu na cewa a'a, shi ma abin ya riga ya ci shi, abokin zama kawai yake nema. Allah masani. Abin da aka sani dai shi ne, mura ta warke mako guda bayan haka, maganin mura kuwa aka ci gaba da sha. Da farko kyauta ne. Daga baya Alhaji ya ce shi ba kantin magani ba ne, ya haɗa shi da mai kawowa. Nan Sanda ya gane cewa abin manya da kuɗin manya yake tafiya. Babur ɗinsa ya tafi. Gonar gado ta Kafur ta bi bayansa. Keken ɗinkin Tasalla ya tafi gyara, har yau makanikin bai gama ba.

A rediyo kullum ana maganar hodar iblis, wadda ake kira koken, yadda take lalata mutane. Sanda na ji sai ya girgiza kai ya ce, "Allah ya shirya 'yan Ikko." Don shi a lissafinsa nasa maganin mura ne. Ya rame, ido ya faɗa, haɓo ya zame mashi kamar gaisuwar safe. Yau ka gan shi yana zuba kamar kanya, gobe ka yi mashi sallama ya kalle ka kamar kai ka sace mashi babur. In yara suka yi dariya a layi, da shi suke. In akuya ta yi kuka, wani ne ya aiko ta.

Sai kuma hancin ya fara tafiya, a hankali, ba sallama. Da farko ƙananan ƙamshi suka ɗauke. Daga baya ya soki buhu ya ja numfashi ya ji iska kawai. Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da lumshe ido, yana ɗaga gira, yana ɗan jinkirtawa kamar yana shawara da hancin, sannan ya yanke hukunci da ka. Ai shekara ashirin a kasuwa ba wasa ba ce. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, saboda haka sau da yawa yakan dace.

Tasalla ce ta fara kama shi. Wata rana da la'asar ta aro kasko a maƙwabta, ta zuba garwashi, ta ɗora turaren wuta mai ƙarfi irin na amare, ta turara ɗaki har labule, sannan ta ɓoye kaskon. Mu da ke bayan katanga sai da muka yi atishawa. Sanda ya shigo, ya zauna a tsakiyar ɗakin, ya ce, "Akwai ruwan sanyi?"

Ta ce, "Baban Nana, ba ka ji komai ba?"

Ya ce, "Me zan ji? An yi rasuwa ne?"

Ta kawo mashi ruwan, ta fita tsakar gida ta zauna. Shekara goma sha shida tana jiran ranar da za ta kunna turare a ɗakinta, ran da ta kunna kuma kuka ta yi.

Ta aika wa yayansa Talha a Kafur. Talha ya zo, ya dubi ƙanensa sama da ƙasa, ya ce ai wannan ko makaho ya shafa ya san sammu ne. Mutum na cin abinci da hanci, abokan sana'a sun sa ido, sun ɗaure hancin. Sanda ya karɓe zancen hannu bibbiyu, don sammu ciwon masu daraja ne, ba a yi wa wanda bai kai ba. Aka shiga neman magani. Aka kawo rubutu, aka kawo saiwoyi, aka kawo wani hayaki da in an kunna kajin unguwa ke ƙaura. Sanda ya zauna a cikinsa lafiya lau kamar yana shan iska. Mai maganin da ya kawo hayakin ya ce, "Kun gani? Aikin ya yi ƙarfi." Aka yanka baƙin zakara. Aka daina gaisawa da Malam Kabiru dillali, wanda laifinsa kawai shi ne ya taɓa cewa "Sanda ka rame." Shi kuwa mara lafiya, da an gama hayaki sai ya ce zai zaga bayi, ya shaƙi sammunsa ya dawo.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Aka fito da buhu arba'in na wake daga siton Alhaji Awaisu, fari tas, ba huda ko ɗaya. Hajiya Kudirat ta ce, "Malam Sanda, bismilla." Ya soka, ya lumshe ido, ya ɗaga gira, ya ce, "Lafiyayye. Ko jariri a ba shi." Ta ɗebi tiyarta ta tafi gida.

Da ya koma gida da azahar, tun daga zaure Tasalla ta toshe hanci ta ce, "Baban Nana, rigarka warin fiya-fiya take. Wane kaya ka taɓa yau?"

Ya daka mata tsawa, ya ce yaushe hancin miya ya fara duba wake. Wayarsa na aljihu. Lambar Hajiya Kudirat ce ta farko a ciki. Bai kira ba.

Washegari aka yi alale a gidan Hajiya. Kafin la'asar mutum shida na kwance a asibiti, ita da 'ya'yanta biyu da jikoki uku, ana ƙara masu ruwa. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma ƙaramar jikar sai da ta kwana huɗu ba ta san wanda ke kanta ba. Motar wake ba ta tashi ba.

Ran da aka sallame ta, ko gida ba ta biya ba, ta hau Keke Napep ta sauka ƙofar gidan Sanda, filasta na nan a bayan hannunta. Ta tarar da shi a zaure da Talha. Ba ta zauna ba. Ta kwance bakin gyale ta fito da ƙullin daddawa, ta ce, "Rufe idonka." Ya rufe. Ta kai mashi har bakin hanci. "Mene ne wannan?"

Ya ɗaga gira yadda ya saba. Can ya ce, "Sabulu."

Talha ya ce, "Hajiya, ai sammu aka yi mashi, muna kan..."

Ta ce, "Malam Talha, sammun nan na san shi, har gidanmu ya taɓa kwana. Ƙanena Abdulwaheed ya yi shekara huɗu da shi a Ikko. Haɓon nan, ramar nan, surutun nan, duk na haddace. Ku bar zakarun mutane su huta." Ta juya ga Sanda. "Tun yaushe kake shaƙar hodar?"

Ya ce, "Hajiya, maganin mura ne."

"Murar shekara biyu? To ka ji. Ban zo kai ka ƙara ba, ko da yake ka cancanta. Akwai asibitin da aka kai Abdulwaheed a Kaduna, yau shekararsa shida bai koma ba, yana nan yana tuƙa motarsa. Jibi zan turo mota. In ka shiga, ni da kai akwai sauran magana. In ba ka shiga ba, ni da bakina zan tsaya a layin 'yan wake in faɗi abin da ya kusa kashe mani jika."

Talha ya ce ai wancan asibitin mahaukata ne, zuri'arsu kuwa ba a taɓa hauka ba. Sai ga muryar Tasalla daga bayan ƙyaure, ita da ba ta taɓa sa baki a maganar maza ba: "Yaya, wanda ya sayar da gonar ubansa ya zuba a hanci, me ake kiransa a Kafur?"

Ranar da motar ta zo, Sanda ya shiga.

Shi a zatonsa allura za a yi mashi guda, a wanke jini, ya dawo kafin kasuwa ta gaba. Likita ya ce babu wannan allurar, ba a ƙera ta ba tukuna. Akwai dai magungunan da za su taimaka mashi da barci da ƙuncin rai, sauran aikin kuwa zama ne da magana da haƙuri, wata uku. Makon farko barci ya yi ta yi kamar gawa, in ya farka ya ci abinci kamar fara, sannan ya zauna ya rasa abin da ke mashi daɗi a duniya. Ya yi kuka ba dalili. Ya yi mafarkin teburin gilashi. Sau biyu yana naɗe kayansa ya je bakin ƙofa, ya tuna layin 'yan wake da bakin Hajiya Kudirat, ya dawo.

Abin da ya fi ƙona mashi rai shi ne zaman da'ira. Kullum da hantsi a jera kujeru, kowa ya faɗi abin da ya kawo shi. Akwai ma'aikacin banki, akwai direban tirela, akwai wani dattijo mai furfura da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Manyan dai da aka ce mashi, ga su nan ya same su, kowa da silifas ɗin roba. In layi ya zo kansa sai ya gyara zama ya ce, "Sunana Sanda, ni mura ce ta kawo ni." Direban tirela ya laƙaba mashi Alhaji Mura. Mako biyu ana haka.

Mai jagorantar zaman wata ce Malama Adawiyya, 'yar siririya, ba ta ɗaga murya, amma ba abin da ke wuce ta. Ta lura duk ranar da aka dafa shinkafa da wake Sanda ba ya zuwa ɗaukar abinci. Ran nan a da'ira ta ce, "Malam Sanda, mutumin da ya yi shekara ashirin a kan wake, me wake ya yi maka?"

Ya buɗe baki zai kawo zancen mura, sai zancen ya ƙi fitowa. Abin da ya fito shi ne rigar nan, da maganar Tasalla a zaure, da wayar da ke aljihunsa. Ya ce, "An gaya mani. Tun ba a jiƙa waken ba aka gaya mani. Kira ɗaya ne. Na gwammace yarinya ta mutu da a ce hancina ya mutu." Sannan ya ce, "Koken nake sha. Shekara biyu."

Ba wanda ya yi dariya. Direban tirela ya miƙo mashi hankici ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji Mura. Yau ka iso."

Daga nan aikin ya fara shiga. Aka sa shi ya lissafa abubuwan da ke tayar mashi da sha'awar abin: ƙofar gidan Alhaji Awaisu, hayaniyar kaka, toshewar hanci, da kuma jin an yabi wani dillali a gabansa. Aka koya mashi cewa sha'awar kamar hadari take, takan taso ta yi duhu, in ka samu wurin fakewa ta wuce. Aka kira Tasalla sau biyu aka zauna da ita. Likita kuma ya haska cikin hancin da 'yar fitila, ya daɗe yana kallo, ya ce hodar ta cinye bangon tsakiya har ta huda shi. Jin ƙamshi zai iya dawowa kaɗan, zai iya ƙin dawowa. Sanda ya ce, "Likita, da shi nake ci." Likita ya ce, "Da shi ka ci, Malam."

Sanda ya dawo Funtua ya yi ƙiba, ya yi shiru-shiru, har muka fara kewar rashin kunyarsa. Ba wanda ya kira shi duba ko da tiya guda. In zai shiga gari sai ya sa mai Keke ya yi zagaye don kada a bi ta ƙofar Alhaji Awaisu, masu Keke har sun gane, suna ce wa hanyar "titin Sanda". Kada kuma a ce an yi mashi ƙarya ta alheri: wata na biyar ya zame sau ɗaya, ranar da ya ji ana yabon Malam Kabiru a kasuwa. Amma wannan karon da ƙafarsa ya shigo gida ya ce, "Tasalla, na koma." Ta ce, "To saka takalminka." Suka hau mota sai Kaduna, ya ƙara mako uku. Tun daga nan duk wata yana zuwa a gwada fitsarinsa, a zauna da'ira, ya dawo.

Da kaka ta zagayo, sai ga saƙon Hajiya Kudirat: ya zo kasuwa da ƙarfensa.

Labari ya riga shi isa. Layin 'yan wake ya cika, har masu dako sun ajiye kaya. Buhu sittin a jere. Hajiya na zaune a kan benci ta ce, "Malam Sanda, bismilla."

Ya soka. Ya zuba a tafin hannu. Wake mai kyau, ido ya gamsu. Ya lumshe ido ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika. Iska. Ya sake ja. Kamar akwai wani abu can nesa, kamar kuma babu. Girarsa ta fara ɗagawa da kanta, don ta saba. Kalmar "lafiyayye" na nan a kan harshensa, kuma ya san in ya faɗe ta, da wuya a ce bai dace ba, gobe kuma kasuwa ta ce hancin Sanda ya dawo.

Ya buɗe ido ya ce, "Hajiya, ban ji komai ba. Busasshe ne, na bana ne, ba gauraye, wannan hannuna da haƙorina sun shaida. Amma ko an sa magani ko ba a sa ba, ban sani ba. Kada ki saya da bakina."

Wani daga baya ya ce, "Ashe gwamna ya sauka." Aka kwashe da dariya. Sanda ya tsaya da hancinsa a tsakiyar fuska, ƙato kamar kullum, ba ya aikin komai sai riƙe tabarau ɗin da ya fara sawa.

Hajiya Kudirat ta bari aka gama, ta ce, "Shekara goma sha tara ban taɓa jin ka ce ba ka sani ba. Da ka faɗe ta bara, da jikata ba ta kwanta ba." Ta gyara gyale. "To wa ya ji warin a rigarka ran nan? An ce mani akwai wanda ya ji."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mai ɗakina."

"To me muke jira? Ƙulla mata."

Yadda sana'ar ta koma ke nan har yau. Sanda ya soka buhu, ya duba da ido, ya murza, ya ciza, sannan ya ƙulla 'yan ƙwayoyi a leda, kowane ƙulli da alamarsa, ya hau Keke ta titin Sanda ya kawo gida. Tasalla ta kwance, ta sansana, ta ce wannan a ɗora, wannan a mayar wa mai shi ya dafa wa surukansa. Ba ta lumshe ido, ba ta ɗaga gira, wani lokaci ma tana tuƙa tuwo take yi. Ran farko ta fitar da buhu bakwai cikin sittin ɗin nan, aka bincika aka tarar haka ne. Yanzu ba Hajiya kaɗai ba, har Malam Kabiru ta hannun Sanda yake aiko nasa ƙullin, an shirya.

Gidan kuwa in ka gifta, turaren wuta ne ke maka sallama tun daga bakin layi, safe da yamma, kamar ana biyan azumin shekara goma sha shida. Sanda ya taɓa cewa, cikin ladabi, ko za a rage saboda kada ya taɓa mata hanci. Ta ce nata hancin ba rago ba ne irin na wasu.

Kwanan baya yana zaune a zaure da ledojinsa a cinya, yana jiran ta idar da salla, sai muka ga ya ɗaga kai yana 'yan shaƙe-shaƙe. Ya ce, "Kamar ana soya attarugu." Attarugun ne kuwa, a cikin gidansa, har mu idanunmu na ruwa. Ya yi ta murmushi hawaye na zuba, bai ko goge ba. Ya leƙa ya ce, "Tasalla, na ji attarugu."

Ta ce, "Madalla, Baban Nana. Hancin miya ke nan, da shi ake farawa. Miƙo ledojin."